Kwana uku suna ɗaukata, kiɗan da ya fito bai kai minti ɗaya ba

Nura Mai Fiyano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina sauraro, ban cika sa baki ba, amma yau akwai abin da ya tsaya min a rai. Ni makaho ne tun ina shekara 4, kuma shekara 16 ke nan ina kaɗa fiyano ina haɗa wa mawaƙa kiɗa. Bara wasu masu shirya fim suka zo suka ce za su yi shirin gaskiya a kan rayuwata. Na yi murna ƙwarai. Kwana uku muna tare. Na nuna musu yadda na liƙa guntun salatif a kan wasu maɓallai don yatsana ya san inda yake, yadda kwamfuta ke karanto min abin da ke allo ta kunnen hagu kiɗa kuma yana shigowa ta dama, yadda nake gane mawaƙi ya sauka daga murya tun shi bai ankara ba. Awa biyu cur na yi ina gina waƙa a gabansu, tun daga ganga har aka ɗora murya.

Jiya fim ya fito. Ba su sa bayanin murya ba, don haka ƙanwata ce ta zauna kusa da ni tana faɗa min abin da ke allo. Abin da na fara ji wata sarewa ce mai sa kuka, ba tawa ba, ban san inda suka samo ta ba. Sai ƙanwata ta yi shiru. Na ce mene ne? Ta ce, "Yaya, hannunka suke nunawa yana laluben bango." Nan take na tuna wurin. Sau huɗu suka sa na maimaita fitowa daga ɗaki, suka ce haske ne bai yi ba, suka ce in ajiye sandata. Ɗakin da na fi shekara goma ina shiga ina fita, ban taɓa laluben bangonsa ba. Fim ɗin minti 22 ne. Na ƙirga inda aka ji kiɗana, daƙiƙa 40, su ma ana magana a kai.

Tun jiya ake kirana ana cewa an yi kuka, Allah ya ba ni lafiya. Ba wanda ya ce zai kawo min aiki. Ku gaya min gaskiya, ni ne na cika ƙorafi?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam Malam Nura. Wallahi na ji zafin abin, sa ka ajiye sanda bai dace ba ko kaɗan. Amma ka yi haƙuri in faɗi nawa. Ɗana ba ya tafiya, shekara uku ina goya shi yana ƙara nauyi, bayana har yau bai koma daidai ba. Wani ɗan gajeren bidiyo aka yi a kanmu, mai sa kukan nan da kake faɗa, kuma cikin mako biyu muka samu keken guragu. Da an nuna shi yana dariya yana zane, wa zai motsa? Mutane sai zuciyarsu ta karye suke buɗe hannu. Ban ce daidai ba ne, amma haka na gani da idona.

Nura Mai Fiyano:
Hajiya, Allah ya raya Sadiq, kuma ba zan taɓa zargin uwa da ta nema wa ɗanta keke ba. Ke kin san abin da kika je nema, kin kuma same shi. Ni an ce min fim ne a kan sana'ata.

Habu Edita:
Bari in yi magana a matsayin wanda ke zama a gaban kwamfutar yanka fim, shekara 9 ke nan. Malam Nura, abin da aka yi maka ni ma na taɓa yi wa wasu, kuma ba na alfahari da shi. Yadda abin yake shi ne, ana kawo maka hoton awa goma a ce ka mayar da shi minti ashirin. Wanda ya biya kuɗin aikin ya riga ya faɗi abin da yake so ya gani. Darakta kuma yana tsaye a kanka yana cewa idan daƙiƙa talatin na farko ba su kama mutum ba, ya wuce. To mutum yana zaune yana gyara sautin ganga, a ido ba ya da wani motsi. Hannu a bango kuwa kowa ya gane shi nan take. Sai ka ɗauki mai sauƙin. Sarewar ma tana nan a ajiye, akwai tarin irin waɗannan kaɗe-kaɗen da ake saukewa daga intanet, an ma jera su da sunan baƙin ciki.

Ba mugunta ba ce a mafi yawan lokaci. Babu dai kowa a ɗakin da zai ce tsaya, wannan ƙarya ce.

Baba Lawwali:
Habu, ka faɗi maganar da bakinka: babu kowa a ɗakin. Ni shekarata 61, shan inna ta kama ni ina yaro, a keke na yi karatu na yi aiki har na yi ritaya. An sha ɗaukata a kyamara, kuma kusan kullum daga sama ake ɗauka, mai kyamarar yana tsaye ni ina ƙasa. Mai kallo tun bai ji me zan ce ba ya riga ya kalle ni yadda ake kallon yaro.

Ku nemi fim ɗin Crip Camp da ya fito a 2020 a Netflix. Labarin wani sansanin hutu ne na matasa nakasassu mai suna Camp Jened a jihar New York ta Amurka. Mutum biyu suka ba da umarni, Nicole Newnham da James LeBrecht. Shi LeBrecht an haife shi da lalurar ƙashin baya, a keke yake, sana'arsa haɗa sauti, kuma yana cikin yaran sansanin a 1971 lokacin da aka ɗauki tsofaffin hotunan. Abin da ya kama ni shi ne yaran suna gardama, suna soyayya, suna kiɗa, suna sukar iyayensu da yawan tsaro. Akwai inda wata yarinya ke magana da ƙyar saboda lalurarta, aka bar kyamara a kanta har ta gama, sauran suna jira, ba wanda ya ƙarasa mata zance. Edita da bai san wannan rayuwar ba zai yanke wurin ya ce ya yi tsawo.

Daga nan fim ɗin ya bi su har suka girma. Judy Heumann, wadda ta yi aiki a sansanin, tana cikin jagororin mutum fiye da ɗari da suka mamaye ofishin gwamnatin tarayya a San Francisco ranar 5 ga Afrilu 1977. Dalili shi ne an yi doka tun 1973, sashe na 504, da ta hana duk wata cibiya mai karɓar kuɗin gwamnati nuna wa nakasassu bambanci, amma shekara huɗu an ƙi sa hannu a ƙa'idojin aiwatar da ita. Suka kwana a ƙasa fiye da mako uku, wasu babu magungunansu, 'yan ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther suna kawo musu abinci kullum. Da aka yanke musu waya, kurame suka tsaya a taga suna aika saƙo da maganar hannu ga na waje. Ranar 28 ga Afrilu sakataren lafiya da ilimi Joseph Califano ya sa hannu. Babbar dokar kare haƙƙin nakasassu ta Amurka, ADA, kuma ta biyo baya a 1990.

Maman Sadiq, 'yata, ga inda nake so ki duba. Bidiyon tausayi ya kawo wa Sadiq keke ɗaya, Alhamdulillahi. Amma makarantar da zai shiga da keken, idan matakala ce a ƙofarta, tausayi ba zai fasa ta ba. Waɗancan mutanen da fushi da haɗin kai suka fasa tasu, kuma fim ɗin ya nuna su a haka ne saboda ɗayansu na riƙe da almakashin.

Maman Sadiq:
Baba, maganar matakala gaskiya ce. Makaranta biyu suka mayar da mu saboda ajinsa a bene yake. Amma kafin a samu dokar da haɗin kan, yaro yana buƙatar keke yau. Ban janye wannan ba.

Baba Lawwali:
Kar ki janye. Ni ma keken farko kyauta aka ba ni.

Zainab K.:
Ni kurma ce, sanƙarau ya tafi da jina ina shekara 9. Malam Nura, ciwonka da nawa ɗaya ne ta fuska biyu. Kai an yi fim a kanka babu bayanin murya, ni kuma na sha zuwa kallon fim a kan kurame babu rubutu a ƙasan allo, babu mai fassara da maganar hannu. Ina zaune ina kallon bakin mutane yana motsi a kan rayuwata. Inda aka yi rubutun ma, da waƙa ta tashi sai a rubuta kalma ɗaya, kiɗa, a bar ni da ita minti uku. Wane kiɗa? Mai sauri ne? Ganga ce ko goge? Mawaƙiyar kuka take ko kirari?

Mutane sun ɗauka kurma ba ruwansa da waƙa. Ni ina ɗora tafin hannuna a jikin sifika, ganga mai kauri a ƙirji nake jin ta, siririn sauti kuma a yatsu. Evelyn Glennie ta ƙasar Sikotland ta rasa jinta tana kimanin shekara 12, malaminta ya riƙa sa ta ɗora hannu a bangon aji yana kaɗa ganga har ta koyi bambance sautuka da jikinta. Ba takalmi take hawa dandamali don ta ji ta ƙafa. Makarantar kiɗa ta Royal Academy da ke Landan da farko ta ƙi karɓarta, ta tsaya kai da fata sai da aka sake gwada ta. Ita ce ta jagoranci makaɗa ganga kusan dubu a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012. An yi fim a kanta a 2004, Touch the Sound, kuma kusan duka a kan sauti yake da yadda ake saurare. Na kalle shi sau uku.

Habu Edita:
Malama Zainab, wannan na rubuta kiɗa kawai, laifina ne ni ma. Ban taɓa tunanin akwai mai jiran sauran bayanin ba. Amma Baba, ina da ja a kan wani abu. Idan muka ce sai nakasasshe ne zai yi fim ɗin nakasassu, ina za mu kai fim ɗin Benda Bilili? Faransawa biyu ne suka yi shi, Renaud Barret da Florent de La Tullaye, lafiyarsu ƙalau. Sun haɗu da makaɗan Staff Benda Bilili a titunan Kinshasa, yawancinsu shan inna ta kama su, suna yawo a kekuna masu ƙafa uku da aka ƙera musu. Kusan shekara biyar suna bin su. Har a gidan namun dajin Kinshasa aka naɗi wasu waƙoƙin kundinsu na farko da ya fito a 2009, saboda a can suke atisaye. Ga yaron nan Roger Landu da ya haɗa kayan kiɗa da gwangwani da waya guda ɗaya. Fim ɗin ya je bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2010. Ban ga raini a cikinsa ba.

Baba Lawwali:
Ban ce sai nakasasshe ba, ɗana. Kai ma ka faɗi sirrin, shekara biyar. Wanda ya zauna da kai shekara biyar ya daina ganin ƙafarka, ya fara jin ko jitarka ta saki. Na Nura kwana uku suka yi, kuma da labarinsu a aljihu suka zo.

Sani Bass:
In ƙara a kan Benda Bilili, don ni makaɗi ne kuma kiɗansu na fara ji kafin in san a keke suke. Rumba ce ta gaske, mai nauyi. Suna da waƙa a kan shan inna inda suke kiran iyaye su kai yara rigakafi, kuma su kula da wanda ya riga ya kamu kamar sauran 'ya'ya. Wannan saƙon daga bakinsu ya fi ƙarfin duk wata sanarwa. Amma a tuna ƙungiyar ta rabu a 2013, Coco Ngambali da Theo Nzonza suka fita suka kafa Mbongwana Star. Fim yakan tsaya a daren da aka yi tafi a Turai. Abin da ya biyo baya, maganar manaja da kwangila da rabon kuɗi, ba mai dawowa da kyamara ya ɗauka, alhali nan ne rayuwar makaɗi take.

Barista Hauwa:
Malam Sani ya kawo mu inda nake so. Malam Nura, ka sa hannu a wata takarda kafin a fara ɗauka?

Nura Mai Fiyano:
Na sa, Barista. Ɗayansu ne ya karanta min a tsaye, ya ce ba komai ba ne, izini ne kawai. Ya kama hannuna ya kai inda zan sa.

Barista Hauwa:
To wannan shi ne kuskuren farko, kuma ba naka ba ne. Takardar da mutum bai iya karantawa da kansa ba, wanda zai amfana da ita kuma shi ya karanta masa, amincewar da ke cikinta mai rauni ce. Haƙƙinka ne a turo maka ita ta waya ko imel tun kwanaki kafin ranar, na'urarka ta karanta maka, ka nuna wa wanda ka yarda da shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda aka amince da ita a Disamba 2006 ta fara aiki a 2008, sashe na 30 nata a kan al'adu da nishaɗi da wasanni yake. Ya ce a samar da finafinai da shirye-shiryen talabijin ta hanyar da kowa zai iya bi, a buɗe gidajen kallo da dandamali, kuma a ba nakasassu damar bunƙasa fasaharsu don amfanin al'umma duka. Sashe na 8 kuma ya ɗora wa ƙasashe yaƙi da irin hoton da aka yi maka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tsanani, kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya. Masu kallo ne masu yawa da ake rufe wa ƙofa.

Duk wanda za a yi fim a kansa ya nemi a rubuta cewa zai ga fim ɗin ko ya saurare shi kafin ya fita, kiɗansa mallakarsa ne kuma za a biya idan an yi amfani da shi, sannan za a sa rubutu da bayanin murya. Idan suka ƙi, ka san da wa kake hulɗa.

Akwai abin da ba na mantawa. A 2010 fim ɗin Music by Prudence ya ci Oscar a rukunin gajeren shirin gaskiya. A kan Prudence Mabhena yake, mawaƙiya 'yar Zimbabwe da aka haifa da lalurar gaɓoɓi, da ƙungiyarsu Liyana ta makarantar King George VI a Bulawayo. Fim ne mai kyau. Amma a daren kyautar, darakta Roger Ross Williams yana cikin jawabi furodusar da suka samu saɓani ta hau ta katse shi. Washegari maganar rigimarsu ake ta yi. Prudence, mai muryar, tana zaune cikin 'yan kallo.

Ummi A.:
Don Allah a daina cewa nakasassu da makaho da kurma, ba daɗin ji. Masu buƙata ta musamman ake cewa yanzu.

Zainab K.:
'Yar'uwa na san da kyakkyawar niyya kika faɗa. Amma ni kurma ce, haka nake kiran kaina, ba zagi ba ne. Buƙatata kuma ba ta musamman ba ce, so nake in gane fim kamar kowa. Wanda ya fi son waccan kalmar a kira shi da ita, a dai tambayi mutum.

Nura Mai Fiyano:
Ni ma makaho nake cewa. Abin da ya fi kalmar damuna shi ne wani abu da ban faɗa ba tun farko, saboda yana kama da butulci. Yabo. Idan na hau dandamali ana fara tafi tun ban taɓa fiyano ba, don kawai na iso kujera. Akwai ranar da na yi kuskure a fili, na shiga amshi kafin lokaci, duk makaɗin da ke wurin ya ji. Da muka sauko aka tsawata wa mai ganga a kan ɗan jinkirin da ya yi, ni kuwa aka dafa kafaɗata aka ce ma sha Allah, ka yi ƙoƙari. Na koma gida raina a ɓace. Wanda ba a gyara masa ba a ɗauke shi ɗan sana'a ba.

Sani Bass:
Wannan ta shige ni, Malam. Stella Young 'yar Ostareliya, mai fafutukar haƙƙin nakasassu, ta yi jawabi a kan haka a 2014, shekarar da ta rasu, cewa ana mayar da nakasassu abin zaburar da masu lafiya, a yaba musu don sun tashi daga barci kawai. Dubi Amadou da Mariam na Mali. A makarantar makafi ta Bamako suka haɗu a shekarun 1970, Amadou Bagayoko kuma ya riga ya yi kiɗa da Les Ambassadeurs, ƙungiyar da Salif Keita ke ciki. Da kundinsu na 2004 da Manu Chao ya haɗa ya zagaya duniya, jitar Amadou mutane ke bi. A 2011 suka yi wasa a Manchester cikin duhu ƙirin, aka kashe kowace fitila, masu ido suka zauna ba abin kallo sai saurare. Su suka tsara yadda za a shigo duniyarsu. Allah ya jiƙan Amadou, ya rasu a Afrilun 2025.

Maman Sadiq:
Maganar gyara ta sa na yi shiru. Sadiq yana zane, kuma duk abin da ya zana cewa nake ya yi kyau. Jiya ya zana doki ƙafafun ba su yi ba, na ce ya yi kyau, ya kalle ni ya ce Mama ba ki duba ba. Yau zan zauna in duba.

Habu Edita:
Malam Nura, ga abin da zan iya. Idan suka yarda suka ba ka ainihin hotunan da suka ɗauka, musamman awa biyun nan da ka gina waƙa, zan sake yanka shi ba tare da ka biya ni ba. Sharaɗina ɗaya, ka zauna kusa da ni daga farko har ƙarshe, in faɗa maka abin da ke kowane hoto, kai ka ce a bari ko a cire. Kiɗan da za a ji kuma naka ne kaɗai.

Barista Hauwa:
Ka turo min hoton takardar ta akwatin sirri in ga abin da ta ce game da ainihin hotunan da kuma kiɗanka. Wasiƙar farko ta lalama za mu rubuta, mu nemi a cire wurin bangon a sa bayanin murya. Sau da yawa ba a kai ga rigima.

Zainab K.:
Ni zan rubuta na ƙasan allo. Amma sai ka faɗa min yadda kowane sauti yake, Malam Nura, kar in sake rubuta kiɗa kawai.

Nura Mai Fiyano:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Barista, ƙanwata za ta ɗauki hoton takardar da yamma. Malama Zainab, waƙar da ganga mai kauri take farawa, bugu biyu a jere sai ɗan shiru, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran amsa. Sau huɗu take yin haka kafin fiyano ya shigo ta ƙasa. Idan mun haɗu zan kunna miki ki ɗora hannu a sifika, ki gaya min ko haka kika ji ta.